Akwatin Iri Mai Makunni Shida

Ranar Talata ce, ranar kasuwar Diffa, a lokacin sanyi na shekarar da na cika goma sha biyu. Tattasai na shanye ja wur a bayan gida, duk namijin da ke da ƙafa a ƙauyenmu ya ɗora wa jaki buhu ya nufi gari, amma Baba ya shimfiɗa tabarma ƙarƙashin dogon yaron tsakar gida ya ce yau ba inda za shi. Ya jawo tsohon akwatinsa na ƙarfe, ya ajiye kaskon gawayi a gefe, ya cusa wata ƙatuwar ƙusa mai ƙotar icce cikin garwashi, sannan ya jera ƙananan makunnai guda shida da ya ciro daga matattun rediyoyi. Ina tsakiyar surfe ya kira ni. Inna ta ɗago ta ce, "Malam, yarinyar za ka ɗauke mini saboda wannan tarkace naka? To yau waya da dalma za ku ci." Ya ce, "Yatsuna sun yi kauri, nata ne za su shiga. Yagana, wanke hannunki ki zo." Tun hantsi nake riƙe da waya yana ɗiga mata dalma, hayaƙin ƙaro na cika mini ido, sau biyu ƙusar ta lashi ɗan yatsana ban ce uffan ba don kar ya kore ni. Da la'asar ta yi ya rufe murfin, ya ɗaga wannan makunni ya sauke wancan, ya danna wani baƙin maɓalli da ke gefe. Daga ciki muka ji ƙwas, kamar an karya busasshen kara. Ya ja murfi, murfi ya tashi. Baba ya yi dariya har da tari. Ya rufe ya buɗe, ya rufe ya buɗe, sai da Inna ta ce in ya gama wasa abinci na hucewa.

Bari in faɗi ko su wa muke, don ni ban iya kwana-kwana ba. Ƙauyenmu na bakin Komadugu, tafiyar hantsi a jaki zuwa Diffa. Kanuri muke yi a gida. Hausar nan da nake rubutu da ita a kasuwa na tsince ta, harafinta kuwa sai da na haifi ƴaƴa huɗu na koya, don haka wanda ya ga ta karkace ya yi haƙuri ko ya wuce. Baba manomin tattasai ne kamar kowa, sai dai in bazara ta yi, kogi ya ƙafe, yakan kafa ɗan tebur a wata rumfa a Diffa yana gyaran rediyo da tocila. Bai taɓa shiga lekol, makarantar boko, ba. Wani mai gyara ne a ƙetaren kogi ya bar shi yana kallo tun yana saurayi, idonsa ya kwashe abin. Yayana Modu, babbanmu, ya tafi kamun kifi a tsibiran tafki tun shekara biyu kafin wannan labari, sai a yi watanni ba a ji ɗuriyarsa ba. Saura ni da ƙannena biyu da ba su san komai ba sai ci da kuka.

Aikina a gidan bai da suna, don komai ne. In ɗebo ruwa, in share tsakar gida, in kai awaki bakin fadama, in tsinke hancin tattasai har tafin hannuna ya yi zafi, in na manta na sosa ido kuwa in yi ta tsalle ana mini dariya. A lambu ni ce mai bin ruwa: injin na tuttuɗo shi daga kogi, ni kuma ina gaba da dunƙulen laka, in toshe wannan baki in buɗe wancan, har kowane fangali ya sha. In mun samu sarari mu yi carafke da ƙwallon goriba, mu yi ƴar tsana da ƙashin akuya mu kitsa mata gashin kaba, ko mu yi gaɗa a kan yashin kogi lokacin da yake busasshe. Lekol ɗin ƙauyen ɗaki biyu ne na zana. Ba a sa ni ba, kuma ba wanda ya taɓa zama ya yanke shawarar kar a sa ni, maganar ce ba ta taso ba. Nakan kai gyaɗa bakin shingen lokacin da ake sakin yara shan iska, in ji suna rera abin da mushe, malaminsu, ya faɗa da Faransanci, in dawo gida ina maimaitawa ban san ko zagin kaina nake ba.

Abin da ke cikin akwatin ba zinari ba ne. Iri ne. Kowace shekara, kafin a fara tsinka, Baba kan bi gona shi kaɗai yana ɗaura tsumma a gindin da ya fi kowane ƴaƴa masu kauri da faɗi. Waɗannan ba a taɓa su sai sun nuna sun yi laushi a jikin uwarsu. Ya shanya su daban, ya fasa, ya gauraya ƙwayar da toka, ya ɗura cikin gora uku ya liƙe bakinsu da laka. Tun kafin ya auri Inna yake wannan zaɓe. Kowa ya san irinsa, kowa kuma na so. Ba sata ake yi ba, a'a. Dangi ne za su shigo ba ya nan, su ce wa Inna ɗan kaɗan za su gani, ita kuma ba ta iya hana ɗan'uwan miji. Ya sa kwaɗo, aka riƙa karɓar makulli a hannunta. Ya rataya makullin a wuyansa, makullin ya faɗa kogi wajen gyaran tiyo. Shi ne ya ce zai yi makullin da ba a ara, ba ya kuma faɗawa ruwa.

Yadda ya koya mini abin, da tsinke ya zana a ƙasa. Ya ce, "Kuran, wutar da ke bin waya, ruwa ne, batir kuma kogi. Ke da kike bin ruwa a lambu, me zai ba ki wuya?" Waya ta fito daga batir ta shiga baƙin maɓalli, shi ne injin, in ba a danna shi ba ba abin da ke motsi. Daga nan ta shiga makunni na farko. Kowane makunni mararraba ce mai baki biyu: baki ɗaya ya miƙa ruwa ga makunni na gaba, ɗaya bakin ya zubar da shi a magudana. In duk shidan suna daidai, kuran ya wuce su ɗaya bayan ɗaya har ya kai fangalin ƙarshe. Wannan fangali wani naɗi ne na siririyar wayar jan ƙarfe da muka kwance daga cikin ƙonanniyar rediyo, ni na naɗe ta a jikin bututun biro, zagaye kan zagaye, har kafaɗata ta yi tsami. A cikin bututun akwai ƙusa, ita ce sakata, bakinta ne ke riƙe da harshen murfi daga ciki. In kuran ya shiga naɗin sai ya zuƙe ƙusar baya, murfi ya saki. Bakunan kuskure kuwa duk shida ya haɗe su a jar waya guda, ta fita ta wata ƴar huda a bayan akwatin, ta hau bango zuwa odar babur da ya kafa kusa da rufi, wata baƙar waya kuma ta dawo daga odar zuwa ɗaya ƙafar batir. Ko makunni ɗaya ka kuskure, ka danna, sai ƙauye duka ya san kana ɗakin Baba. Don kar a gane, ya juya wayoyin wasu, ya zama daidan wannan sama ne, daidan wancan ƙasa. Sama, sama, ƙasa, sama, ƙasa, ƙasa. Yau ina iya rubuta shi a fili, ba abin da ya rage da zai buɗe. Da ya gama zanen ya goge da ƙafa, ya ce ko Inna kar ta ji, don a huta da roƙonta. Na riƙa daka da wannan jeri a bakina har ya zauna.

Kuskure ɗaya ya yi, kuma da gangan ya yi shi. Batir ɗin babur ɗin da ke ba abin rai, a cikin akwatin ya ɗaure shi, don kar wani ya ɗauke ko ya yi wasa da wayoyinsa. Duk Talata ta biyu ya buɗe, ya ciro shi, ya kai Diffa a cika, ya dawo da shi da yamma. Inna, wadda ba ta san ja da baƙin waya ba, ita ce ta ga ramin. Ta ce, "In abin nan ya mutu a ciki fa?" Ya ce, "Ina nan zai mutu?"

Sanƙarau ne ya ɗauke shi, a tsakiyar bazara. Ranar Alhamis ya ce kansa na ciwo, Jumma'a wuyansa ya ƙi juyawa aka ɗora shi a amalanke zuwa gidan likita a Diffa, Asabar da hantsi aka dawo da shi a naɗe. Abin da na tuna da ranar shi ne an aike ni aron tabarmi, na bi gida bakwai, na riƙe a kaina wacce ce ta wa don kar su cakuɗe. Mata na kuka, ni ina wanke ƙore. Wata gwaggo ta kama kunnena ta murɗe ta ce, "Ke, ba ki san ubanki ne ya mutu ba?" Na ce na sani. Na sani mana. Amma cikina kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta, ana taɓawa kana gani ba ka ji. Na jira kukan ya zo a kwana uku, na jira a bakwai, na jira a arba'in. Na ci abinci, na yi barci, na kai awaki fadama. Inna ta shiga takaba, ta zauna bayan asabari da farin zane, maganarta ta koma ƙasa-ƙasa. Gida ya koma hannun ƙanen Baba, Baffa Kyari.

Baffa Kyari mutum ne mai tabo. Lokacin da kakanmu ya rasu, shi kaɗai ne a gida, sai ya buɗe rumbun tsohon ya ɗebi gero don ciyar da masu zaman makoki kafin ƴan'uwa su iso. Shekara da shekaru ana ce masa wanda ya rigayi magada. Har a wajen biki sai wata ta yi waƙa ta sako zancen rumbu. Saboda haka ranar da aka binne Baba ya tsaya a ƙofar ɗakin ya ce ba ƙarfen da zai taɓa kayan yayansa sai Modu ya dawo an zauna rabon gado. Aka ba masu fataucin kifi saƙo. Wata ɗaya, wata biyu, wata uku, ba Modu ba amsa.

Sai damina ta faɗi, kogi ya iso. Wanda bai taɓa gani ba ba zai gane ba: ruwan na tahowa ne a kan busasshen yashi da ɗan harshe siriri mai kumfa da tsinkaye, yara na gudu a gabansa suna ihu. Shekarar nan na tsaya a gaɓa ina kallo kawai. Zuwan ruwa shi ne agogonmu. Lokacin ake yafa iri, ya yi kwana arba'in a dasa, in ka makara kuwa kogi zai janye tattasanka bai gama ƴaƴa ba. Tattasai kuma shi ne geronmu, shi ne zanenmu, shi ne maganinmu. Maƙwabta suka yafa nasu. Kowa abin da zai ishe shi ya ajiye, wanda ya ji tausayi ya ba mu tafi guda, duka bai kai ya cika kusurwar gona ba. Namu na nan cikin ƙarfe, taku uku daga inda Inna ke zaune. Liman ya zo ya ce iri na gona ne, gona ta marayu ce, ko an fasa a gaban shaidu ba laifi. Baffa ya ce, "Malam, kai ka yafe. Matan bakin rijiya fa? A ce Kyari ya sa guduma a akwatin yayansa ƙasar kabari ba ta kwanta ba? In ya buɗe yadda mai shi ke buɗe shi, to. In ba haka ba ya zauna." Ba wanda zai ƙetare maganar mai gida ya ɗauki guduma. Daga bayan asabari Inna ta ce, "Yagana ta sani."

Aka tara liman da dattawa biyu, aka kira ni. Na durƙusa na jera makunnan, na danna. Shiru. Na sake. Shiru. Ɗaya dattijon ya ce, "Yarinya ce, ta manta." Na juya makunni ɗaya da gangan zuwa kuskure, na danna, na nuna musu odar da ke bango. Ita ma shiru. Na ce, "Da mantuwa na yi da kun toshe kunne. Batir ne ya mutu." Baffa ya ce a kawo shi a kai Diffa. Na ce yana ciki. Dattijon ya fashe da dariya, sannan ya tuna gidan da yake, ya yi ta istigfari. Suka tashi suka karkaɗe riguna.

Kwana takwas suka wuce. Irin maƙwabta ya tsiro kore shar, namu fangalin an gyara shi an zuba taki yana zaune fayau. Wata safiya Baffa ya aike ni in yashe hanyar ruwa a lambu. Kogi ya ƙaru a kwanakin, sai na tarar ruwa ya shigo gonar ta inda ba a gayyace shi ba: ya biyo magudanar da muke zubar da ragowar ruwa, ya hauro ta baya, ya cika fangalin ƙasa har ya zo ya tsaya a dunƙulen lakar da na toshe bara. Na daɗe tsaye da fartanya a hannu. Sannan na tsuguna na zana abin da Baba ya goge, na bi shi da yatsa daga ƙarshe zuwa farko. Jar wayar oda magudana ce, kuma tana waje. In aka zuba kuran ta bakinta, makunni na farko yana kan kuskure, zai hauro ta baya ya zo ga baƙin maɓalli. In maɓallin na danne, zai wuce ya faɗa cikin mataccen batir.

Na sami Baffa yana gyaran tiyo. Na ce ya samo mini batir mai rai. Ya ce in zuba ta ina, na ce ta wayar oda. Ya ce, "Yankewa za a yi?" Na ce, "Murɗe ta aka yi da hannu, da hannu zan kwance. Ba ƙarfe." Ya dube ni kamar akuya ce ta yi magana, ya ce in na ƙona irin fa. Na ce, "Baffa, wanda ke ciki yanzu wa yake ciyarwa?" Na ɗauka zai mare ni. Sai ya ajiye tiyon ya tafi masallaci, don babban batir ɗaya ne a ƙauyen, na lasifika. Ladan ya ce a ɗauka bayan asuba, amma ya dawo kafin azahar.

Washegari rana na fitowa shaidu suka dawo. Na hau turmi na kwance wayoyin daga odar. Baba ba ya taɓa haɗa batir da batir sai ya sa ƙwan fitilar babur a tsakani, yakan ce ƙwan ne ke hana waya ƙonewa, shi ne kuma ke gaya maka abin da ke gudana a inda ido ba ya kai. Ƙwan gwajinsa na rataye a ƙusa inda ya bar shi. Na haɗa baƙi da baƙi, ja ya bi ta ƙwai zuwa ja, na sa makunni na farko a kuskure, na danna maɓallin da babban yatsa. Maɓallin tsoho ne, ba ya kamawa sai an danna shi a karkace. Muka gwada ɗaure shi da tsumma ya zame, muka tokare da dutse ya ƙi. Sai hannu. Da farko ƙwan bai nuna komai ba. Dattawa suka gama gaisawa, suka gama zancen farashin taki, suka fara kallon ƙofa. Can sai zaren cikin ƙwan ya yi ja kaɗan kamar garwashin da toka ta rufe. Liman ya matso ya leƙa. A hankali ya koma rawaya. Na san abin da nake jira, na sha ganin Baba na yi: in mataccen ya fara ƙoshi, hasken zai ragu da kansa.

Ban san awa nawa ba ne, ba mu da agogo. Na san babban yatsana ya yi zafi, ya yi sanyi, sannan ya daina zama nawa. Na canja na hagu, shi ma ya mutu, na koma gaɓar yatsa. Baffa ya ce in kawo ya karɓe ni, ya ɗora nasa ƙaton yatsan, ƙwan ya mutu nan take. Na ce, "Baffa, ɗauke hannunka." Ba yaron da ya taɓa gaya masa haka. Ya ɗauke. Rana ta take tsaka, ladan ya zo bakin ƙofa karɓar kayansa, ya dubi ƙwan, ya dube ni, ya juya. Ran nan da baki ya kira azahar, muryarsa ko shingenmu da ƙyar ta ƙetare. Maza suka fita salla suka dawo suka same ni yadda suka bar ni. Wani lokaci a tsakanin nan Inna ta fito daga bayan asabari, abin da ba ta yi a gaban maza tun rasuwar, ta zauna a bayana ta riƙa ɗura mini ruwa da ludayi. Ni kuwa ban yi addu'a ba, ban tuna Baba ba, ban ji tsoro ba. Ƙwan kawai nake kallo.

Gab da la'asar hasken ya dushe har sai ka kare shi da tafi kafin ka gani. Na saki maɓallin, na cire wayoyin. Yatsuna sun ƙi lanƙwasa, da gefen hannu na jera makunnan. Na ce wa Baffa ya kama murfin, amma kar ya ja sai ya ji ƙara. Na danna. Wani ɗan tak muka ji, mara ƙarfi, murfi bai saki ba. Na tuna Baba kan ɗora gwiwa a kan murfin in sakata ta cije, don ƙusar ta sami sarari. Na ce Baffa ya danna ƙasa tukuna. Na sake dannawa. Ƙwas. Ya ja, ya tashi.

Gora uku na nan a jere da lakarsu, batir ɗin ya yi farin gishiri a ƙafafu, sai ƴan kayan gyara a tsohuwar hula. Dattawa suka yi ta hamdala. Inna ta ga hular ta saki wani kuka da ban taɓa jin irinsa ba, har maƙwabta suka shigo da gudu. Ni na dubi babban yatsana, ya yi fari, da ɗan rami zagayayye a tsakiya. Yunwa nake ji. Baffa ya ciro gorunan uku a gaban kowa, ya ɗaga hannuwansa sama don a ga ba abin da ya biyo su, ya ce wa liman ya ɗaure akwatin da igiya da kansa.

Washegari muka yafa, mun makara da kusan mako uku. Zafin ƙarfe ya kashe wani, abin da ya tsiro bai fi rabi ba. Muka dasa abin da ya samu, tsinkar ƙarshe kuma kogi ya janye ya bar ta ƙanana. Mun ci a shekarar. Ba mu ƙoshi ba, ba mu kuma yi roƙo ba, kuma Baffa ya bi gona ya ɗaura tsumma a gindin da ya dace. Modu ya dawo bayan an gama dashe, baƙi ƙirin da warin banda. Aka ba shi labari tun daga farko, ya ce, "Ai da kun fasa kawai." Baffa ya yi kwana goma bai amsa gaisuwarsa ba.

Irin ya ci gaba a hannun Baffa da Modu har na yi aure na haihu. Sannan shekarun tashin hankali suka zo, aka tashe mu daga bakin kogi da abin da kai zai iya ɗauka. Modu ya fito da gora ɗaya a cikin riga, akwatin kuwa aka bar shi a ɗaki. Muka yi shekaru ba gonar da za a shuka, iri kuma ba ya jiran mutum. Ranar da aka sami wuri aka yafa, ko ɗaya bai fito ba. Modu ne ya gaya mini a waya, na ce to, na ci gaba da wanki.

Yanzu a gefen garin Diffa nake. Na shiga ajin manyan mata na koyi karatu, daga baya aka koya mana gyaran fitilun rana, malamin ya zana layuka a allo yana kiran sunayensu da Faransanci, na zauna ina kallon hanyoyin ruwan lambunmu ban gaya wa kowa ba. Da wannan nake ci, a ƙofar gida, da ƙarfen dalma mai aiki da kuran. Masu noma sun koma wasu wuraren, iri kuma a ƴar takarda mai hoto ake sayo shi, duk gona iri ɗaya. A da in muka shiga kasuwa, Inna kan sa hannu a buhu ta ɗauko tattasai guda, ta juya shi, ta shinshina, ta faɗi gidan da ya fito, kuma ba ta kuskure. Na yau ma ja ne, yana da kyau, ba abin da zan ce ya yi mini. Nakan saya, in daka, in zuba a miya. Ban san na wane ne ba.